Abin da Na Faɗa a Bayan Raga

Duk Sallar da muka haɗu a gidan Yayanku a Al Wukair, nan gefen Doha, da zarar an ci an ƙoshi an koma falo, sai ɗayanku ya tayar da zancen nan. Galibi Auta ne, don shi bakinsa bai san hutu ba. Ya ce, “Ku tuna shekarar da Umma ta cire Yaya daga wasan ƙarshe,” ku kwashe da dariya, surukaina da ba su san kan zancen ba su taya ku, Yayanku ya yi murmushin nan nasa na gefen baki, ya miƙe ya ce bari ya je ya duba mota. Ni kuma in ce a kawo shayi. Kun ɗauka tunda ana dariyar labarin, ya huce. Bai huce ba. Shi ya sa na zauna in rubuta shi yadda ya faru, domin abin da ke hannunku rabi ne, ɗaya rabin kuwa ba wanda ya san shi sai ni. Ko Abbanku, Allah ya ji ƙansa, ya tafi bai sani ba.

Sai na fara da gidanmu na Dutsin-ma, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunan babban wanmu ba tun daga ranar da aka raɗa masa shi. “Wancan” take cewa. In ya dawo daga tafiya ya durƙusa gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango, ta tashi ta shige madafa, can sai ka ga an aiko masa da kwano, tsokar da ta fi kowace girma tana kwance a ƙarƙashin tuwo inda ba wanda zai gani. Wannan ita ce kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Kuma a duk unguwarmu ba wanda ya taɓa cewa Inna ba ta son wannan ɗa. Kowa ya san wanda ta fi so, shi ne wanda ba ta kallo. Da zan taho ƙasar nan da cikin fari, ta kira ni ɗaki ta ce mini:

“Na fari ba naki ba ne, na dangi ne. Ki sa masa ido daga nesa. Kada boko ya sa ki zubar da kunyarki a ƙasar mutane.”

Na riƙe maganar, don ni 'yar Inna ce, kuma ina da taurin kai irin nata. Sai dai a Dutsin-ma kunya tana da masu cike gurbinta. In uwa ta kawar da kai, akwai kaka da za ta goya, akwai goggo da za ta yi masa kirari, akwai gida cike da bakuna masu kiran sunan yaro daga safe har yamma, har bai lura akwai baki ɗaya da ya yi shiru ba. A Doha kuwa, daga ni sai Abbanku sai na'urar sanyaya ɗaki.

A Al Gharrafa muka zauna, cikin wani rukunin gidaje mai ƙofa ɗaya, maƙwabta daga kowace kusurwa ta duniya. Abbanku yana aikin injiniya a kamfanin gas, ni kuma bayan na ci jarrabawarsu aka ɗauke ni likita a sashen gaggawa na wani asibiti. Ranar suna Abbanku ya sa wa yaron sunan mahaifinsa. Kun ga kunya ta zama biyu, ga ɗan fari, ga sunan suruki. Shi ya huta, ya riƙa kiransa Babana. Ni kuwa “kai” nake cewa, ko “ɗan nan”, har Allah ya kawo Hafsat ta iya magana, ta zama 'yar aikena. Su Larabawan nan kuma al'adarsu ta juya wa tamu baya, da sunan ɗan fari suke girmama mace. Ranar da na koma aiki bayan jego, wata nas 'yar Masar ta tare ni da murna, ta ce in faɗi sunan jariri don su san yadda za su riƙa kirana. Na tsaya ina gyaran hijabi kamar ban ji ba. Ta sake tambaya. Daga ƙarshe na ciro katin rigakafinsa na miƙa mata ta karanta da kanta. Tun daga ranar na zama Umm wane, wato uwar wane, a ɗakin marasa lafiya, a waya, har a lasifika. Ina amsawa, amma na daɗe ina jin kamar an fizge mini mayafi a tsakiyar kasuwa.

Zafin garin nan ne ya ɗora Yayanku a kan taya. Kun san watannin da yaro ba ya iya taka waje da rana. A ƙarƙashin gidajenmu akwai wurin ajiye motoci, shimfiɗe da siminti sumul, da ɗan sanyinsa. A can 'ya'yan wani maƙwabcinmu ɗan Kanada suka kafa kwalaye a matsayin raga suna wasan hoki. Ga jikokina da za su karanta wannan ba su taɓa gani ba: takalmi ne mai tayoyi jere a layi ɗaya, da sanda mai lanƙwasasshen baki, da ɗan faifan roba kamar murfin gwangwanin madara da ake korawa cikin raga, mutum huɗu da gola a kowane gefe. Yayanku ya fara da aron takalmi, ya dawo gida da gwiwa a goge, gobe ya koma. Kafin mu ankara ya shiga wani kulob da ke atisaye a zauren wata makaranta, ni ce kuma mai kai shi in ba ni da duti. Iyayen sauran yara sukan shiga su cika benci, uwaye suna ihu da sunan 'ya'yansu har jijiyar wuya ta fito. Ni sai in ce zan jira a mota, ina da karatu. Gaskiya ne ina zuwa da littafi. Amma a ƙarshen barandar makarantar akwai wata ƙofar gilashi da ake hango fili ta cikinta, kuma duk abin da na sani game da wasan nan a bayanta na koye shi. Na san yana sauke kafaɗar hagu kafin ya buga. Na san in ya gaji ƙafarsa ta dama ce take fara ja. In an busa tashi sai in riga shi komawa mota, in buɗe littafin a duk shafin da ya buɗu.

Wata rana, yana ɗan firamare, ya shigo mota da gumi, muka hau babban titi. Sannan ya ce:

“Umma, kin san sunana kuwa?”

Na ce, “A'a, a bakin titi na tsince ka.”

“Da gaske nake. Maman Daniel tana kiran sunansa har muryarta ta dushe. Ke ko sau ɗaya.”

“Ɗaura bel ɗinka.”

Da muka isa gida Abbanku ya zaunar da shi ya yi masa bayani, ya ce Babana, kunya ce, haka ake yi a gida, girmamawa ce. Yaron ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To ai nan ba gida ba ne.” Abbanku ya yi ta dariya, ya riƙa ba abokansa labarin. Ni ban yi dariya ba, amma ban canza ba.

Akwai wani abu kuma da ku ƙanana ba ku ji nauyinsa kamar shi ba. A nan aka haife shi, Larabcin titi yake yi kamar ɗan gari, amma ƙasar nan ba ta ba da kanta don an haife ka a cikinta. Zamansa rataye yake da kafil ɗin Abbanku, wato kamfanin da ya tsaya masa a takardar zama, ranar da aiki ya ƙare, zama ya ƙare. In kuma muka je hutu gida, 'yan uwa su ce ga Balarabe ya zo, su yi ta kwaikwayon Hausarsa. Ya girma yana baƙo a wuri biyu, bai taɓa kawo ƙara ba, amma ina gani.

Shekarar da ya shiga jami'a aka ce za a yi gasar hoki ta kan taya a nan Doha, ƙasa da ƙasa, kuma an buɗe rukuni na ƙasashen da wasan bai yi ƙarfi a cikinsu ba. Najeriya ta ce za ta zo. Aka tattaro samari daga inda aka samu: 'yan Legas da suka koyi taya ta hanyar kama bayan motar haya, wasu daga Kano, wasu 'ya'yan mutanenmu da ke Ingila. Kocinsu wani Bayarabe ne da ya girma a Kanada, ana ce masa Koci Femi, mutum mai fara'a da saurin magana. Wani ya ba shi labarin akwai ɗan Najeriya a Doha da ya iya, ya zo ya gan shi sau ɗaya, ya miƙa masa riga. Ku da kuke nan kun tuna ranar. Da rigar nan kore da fari ya zauna cin tuwo, Hafsat tana cewa Allah ya sa miyar kuka ta ɗiga a kan tutar. Taken ƙasa ma a waya ya koye shi, muna jin sa yana ta maimaitawa a banɗaki yana ɓata baiti na biyu. Ban taɓa ganinsa haka ba. Karon farko ke nan da wata ƙasa ta nuna shi da yatsa ta ce wannan namu ne.

Dokar gasar ita ce kowace tawaga ta zo da likitanta, kuma wanda zai zo da namu wani uzuri ya riƙe shi a gida. Ina cikin madafa Yayanku ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

“Umma, Koci ya ce in tambaye ki ko za ki taimaka. Ba sai kin kalli wasan ba. Ki zauna kawai a benci da jakarki.”

Na ce, “Ka gaya masa zan duba aikina in gani.”

Alhali tun ranar da na ji Abbanku yana zancen a waya na yi musanyar duti da wata abokiyar aikina. Maganarsa ta “ba sai kin kalla ba” ta sosa ni ƙwarai, na ci gaba da yankan albasa.

A wani babban zaure a Lusail aka yi gasar. An shimfiɗa fale-falen roba shuɗaye, an kewaye filin da katanga mai tsawon ƙugu, gilashi a samanta. Mutanenmu na Doha suka fito kamar ranar Idi: nas-nas, ɗalibai, direbobi, injiniyoyi, da tutoci da ganguna, kuma a cikinsu ba na jin akwai mai sanin dokar wasan. In an ci mu ma wani lokaci sai ka ji tafi, sai an duba allo a yi shiru. Akwai wani dattijo ɗan Zariya da ya wuni yana cewa alƙali ya ba da fenariti. Wasan farko an yi mana cin kaca. Daga baya yaran suka gane juna, 'yan Legas da gudunsu, Yayanku da sanin inda faifai zai faɗa, sai ga mu muna ci, har muka kai wasan kusa da na ƙarshe. Duk sanda ya jefa a raga sai ya juyo ya kalli benci, ni kuma a daidai lokacin sai in tarar bandeji yana bukatar gyara a cikin jaka. Ina alfahari da shi har ina jin tsoron kada a gani a fuskata.

Bayan la'asar ne aka buga wasan, da wata ƙasa ta gabashin Asiya. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci ya bi faifai zuwa bayan ragarsu. Ba wanda ya ture shi, a wasan nan ba a yarda da bangaza ba, kuma ban taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Sandar wani ce ta shiga tsakanin tayoyinsa, ya tafi a karkace, ƙeyarsa ta bugi gindin katanga. Raga da gola sun tare wa alƙali da benci gani, kowa ya ɗauka faɗuwa ce irin wadda ake yi kullum. Ni daga inda nake zaune hannunsa kawai nake hangowa. Na ga yatsun sun buɗe, sandar ta gangara gefe. Mai jin zafi ƙanƙame abu yake yi, ba ya sakinsa haka. Ban san sanda na shiga filin ba, da takalmina na asibiti ina zamewa a kan roba. Na durƙusa a kansa. Idanunsa a buɗe suke cikin hular kwano, amma sun wuce ni suna kallon wani wuri can. Ganguna suna tashi, zaure ya ɗauki ihu, ba mai jin wani. A aikinmu abu na farko da ake yi wa wanda ya bugu shi ne a kira sunansa, na yi wa dubban 'ya'yan mutane haka. Ban yi shawara ba, bakina ne ya riga ni. Na kira shi da sunansa na yanka.

Idanun suka dawo. Ya dube ni, ido cikin ido, irin duban da ba mu taɓa yi wa juna ba. Ya ce, “Na'am, Umma.” Sai ya yi murmushi, ba na gefen baki ba, na yaron nan na cikin mota. Ya ce:

“Ashe kin sani.”

Kafin in ce wani abu abokansa sun iso, ya dafa katanga ya miƙe, ya tafi benci da ƙafarsa yana ɗaga wa mutane hannu, zaure ya kaure da tafi.

A hutun rabin lokaci na kai shi ɗakin duba 'yan wasa. Koci Femi ya biyo mu, da likitan gasar, wani ɗan Sudan da muka taɓa aiki tare. Muka yi masa abin da ake yi. Ina muke? Lusail. Da wa muke wasa, wa ke gaba? Ya faɗa daidai. Ya bi yatsa da ido, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya taɓa hanci. Ɗan Sudan ya ce, “Umm wane, ni dai ban ga komai ba. Amma ke ce likitar tawaga, maganar taki ce.” Saura kaɗan in ce ya koma. Abin da ya tsayar da ni fuskarsa ce. Fuskarsa ta kullum ce, a rufe, mai ladabi, yana kallon agogon bango yana ƙagara. Na ce a raina, yaron da ya ji abin da ya ji ɗazu, ya yi wancan murmushin, ba zai zauna a gabana da wannan fuskar ba. Sai na yi masa tambayar da ba ta cikin tsari.

“Da na iso kanka a bayan raga, me na ce maka?”

“Kin ce in tashi.”

“Da wace kalma?”

Ya ɗaga kafaɗa. “Kin ce, kai, tashi. Me za ki ce da ya wuce haka?”

Bai yi mini ƙarya ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ta tarar da gurbi, ta cike shi da abin da ta saba ji daga bakina tun yana goye. Wanda kansa ya bugu haka yake yi, kuma shi kansa bai san ya yi ba. Mintunan nan sun goge gaba ɗaya, har da abin da ya yi shekara da shekaru yana jira.

Na ce, “Ba zai koma ba. Yau da gobe duka.”

Koci Femi ya riƙe kai. Da Turanci muke magana. Ya ce, “Dakta, ya amsa komai daidai. Gobe wasan ƙarshe ne in mun wuce. Ba ni da kamarsa.”

“Ya manta abin da na faɗa masa.”

“A cikin wannan hayaniyar? Ni kaina ban san me na faɗa ɗazu ba.”

“Wannan ba irin abin da zai manta ba ne.”

“To mene ne?”

Yayanku ya cire hular kwano ya ajiye a cinya, ya juya zuwa Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

“Faɗi mana, Umma. Me kika ce?”

Na san abin da kuke tunani, cewa kunya ce ta sake rufe mini baki, ga maza baƙi a tsaye. Akwai wannan, ba zan musa ba. Amma ba ita ce babba ba. A tsaye a wurin na ga abin da zai faru in na maimaita. Na farkon ya tafi, ba zai dawo masa ba. Wanda zai riƙe har ƙarshen rayuwarsa shi ne wannan na biyun, kuma zai riƙe shi a matsayin hujjar da aka kafa aka tuɓe masa rigar ƙasarsa. Zai ce uwata ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar da take neman abin da za ta hana ni wasa da shi. Ban yarda sunan ya zama haka ba. Na rufe jakata na ce, “Na gama magana.”

Ku da ba likitoci ba, bari in gaya muku abin da nake tsoro. Ƙwaƙwalwar da ta bugu tana bukatar kwanaki kafin ta daidaita. In aka sake bugunta kafin nan, ko da bugu ne ƙarami, tana iya kumbura, kuma ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba ta wuri. Kowane lokacin sanyi ana kawo mana samari daga tudun rairayi, waɗanda suka faɗo daga babur mai ƙafa huɗu. Na taɓa karɓar wanda ya faɗi ya tashi yana dariya, ya sake hawa, ya sake faɗuwa. Ni na fita na yi wa mahaifiyarsa magana. Ban sani ba ko da na bar Yayanku ya koma da lafiya lau zai gama. Mai yiwuwa ne, yawanci ma haka ake gamawa. Amma ni na taɓa tsayawa a kan wanda bai gama ba.

Yaran suka ci wasan ba da shi ba. Bayan magariba na kai shi aka yi hoton kai, bai nuna komai ba. Irin wannan bugun dama ba ya fitowa a hoto, amma je ka gaya wa saurayin da ke riƙe da takardar da ta ce kansa lafiya. A gida Abbanku ya same ni a madafa, ya sassauta murya.

“Maman Hafsat, ki sake duba shi da safe mana. Ko minti kaɗan ne a bar shi ya shiga. Kin ga yadda yaron nan ya ɗauki abin nan.”

“Ko na duba, amsar ɗaya ce.”

Ashe Yayanku yana tsaye a bakin ƙofa, inda ya tsaya ranar da ya zo roƙona. Bai ɗaga murya ba, Yayanku bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ce:

“Tun ina ƙarami a mota kike zama. Yau kin samu dalili. Khalas, shi ke nan, na gane.”

Washegari aka buga wasan ƙarshe. Bai zauna a benci ba, ya hau can sama cikin 'yan kallo da jallabiya. Da aka sa taken ƙasa ina hango bakinsa a rufe. Aka ci mu da kyar, a ƙarshen lokaci, kuma duk wanda ya fito daga zauren nan abu ɗaya yake faɗi, da yaron Dakta yana ciki da labari ya bambanta. Dattijon nan ɗan Zariya har mota ya biyo ni yana cewa, “Hajiya, ai da kin yi haƙuri.” Na ce masa na gode.

Tawagar ba ta sake haɗuwa ba a zamanin ƙarfinsa. Kowa ya koma inda ya fito. Ya ba Auta takalman, ya ninke rigar ban san inda ya kai ta ba, da ya gama digiri ya tafi Malesiya ƙaro karatu. Da ya yi fushi irin na sauran samari, ya buga ƙofa, ya daina gaisuwa, da ya fi mini sauƙi. Sai ya zama mai ladabi. Duk Juma'a zai kira, ya tambayi lafiya, ya tambayi ƙafa, ya tambayi ko akwai abin da ake bukata. Da Abbanku ya rasu, ni kuma na ajiye aiki, lokacin ya riga ya dawo Doha da aiki, shi ya mayar da ni gidansa, yau shi ne kafil ɗina a ƙasar nan. Maganina ba ya yankewa, ɗakina ne mafi sanyi a gidan. Ba uwar da za ta ce an fi ta ɗa. Amma irin kulawar da ake yi wa babbar baƙuwa ce, kuma tun daga ranar bai sake juyowa ya nemi idona ba in wani abin farin ciki ya same shi. Wannan ne kuɗin da na biya, kuma yana mini ciwo har yau.

Na yi niyyar gaya masa ba sau ɗaya ba. A filin jirgi da zai tafi, ranar ɗaurin aurensa, ranar sadakar ukun Abbanku da muka rage mu biyu a falo. Kowane karo sai in buɗe baki in ji ina tambayarsa ko ya ci abinci. Maganar da aka bari ta shekara nauyi take ƙarawa, harshena kuma na Dutsin-ma ne, ya tsufa a yadda aka horar da shi. Yanzu ina zaune ina jin matarsa tana ƙwala wa ɗansu na fari kira daga bene har maƙwabta su ji, ba kunya ba komai, kuma in gaya muku gaskiya daɗi nake ji. Ni ma ina kiransa, ina tsokanarsa da angona, ina yi masa abin da kakanni suke yi a gida. Ban ce Inna ta yi kuskure ba. A gidanta, da mutanenta, abin ya zauna daidai.

Kada ku ɗauka gafara nake nema a kan cire shi daga wasa. Da yau za a mayar da ni ɗakin nan, da jakata a hannu da Koci Femi yana riƙe da kai, abin da na yi shi zan sake yi. Na zaɓi ɗa mai fushi da ni a kan abin da na gani a sashen gaggawa, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba. Abin da nake so kawai shi ne a daina ba da labarin da rabi. Auta, in Sallah ta zo ka nemi wani zancen.

Kai kuma, na san za ka karanta wannan a ɗakinka ka fito ka tambaye ni ko na sha magani. Ba komai, ka tambaya. Amma ka sani ban taɓa zama a mota ba, ina bayan ƙofar gilashi. Kuma amsar da ka ba ni a Lusail ba daidai ba ce, ban ce kai, tashi ba. Ka ji abin da na ce, ka amsa, ka yi murmushi, ka ce ashe na sani, sannan bugun ya ƙwace maka shi ya bar ni da shi ni kaɗai duk shekarun nan. Ka tambaye ni a gaban mutane ban ba ka amsa ba. Ga ta nan, ka karanta a hankali, yau kanka lafiya yake.

Na ce, “Usmanu, dube ni.”